Ƙanina zai fito daga gidan gyaran hali, ina tsoron ya sake komawa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Yana aji biyar na sakandare Baba ya rasu, kawunmu ya ɗauke shi shagonsa, suka samu saɓani kan kuɗin ciniki, kawu ya kore shi a gaban mutane. Daga nan sai zaman majalisa, sai ƙwaya. Wannan ne zamansa na biyu. A na farko ya fara koyon kafinta a ciki, har 'yar kujera ya yi mini, tana ɗakina. Wannan karon da na je ziyara ya ce an rufe ɗakin sana'ar, ba katako, injin ya lalace, wani ma'aikaci kuma ya ce mini kuɗin kayan aiki ba ya zuwa kamar da. Wata goma sha huɗu yana zaune hannu rabbana. Saura wata biyu ya fito. Zan ɗauki adashe, ina so in saya masa kayan kafinta, amma maigidana ya ce ba zai kwana mana a gida ba. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Hajiya, ko sisi kar ki ba shi. A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, amma gyara da kuɗi ake yi. Kuɗin abincin fursuna naira 750 ne a rana kafin a ɗaga shi zuwa 1,125. Inda ake fama da tuwo wa zai sayi katako? Kuma mafi yawan waɗanda ke ciki masu jiran shari'a ne, cunkoso ya yi yawa. Yaron da ya zauna ba aiki, hirar manyan ɓarayi ya sha. Ki tura shi ƙauye ya yi noma shekara ɗaya.

Maman Hanifa: Ni dai ina bayan mijinki. Ƙanin maigidana muka riƙe haka, sati uku ya ɗauke mini tukunyar gas da keken ɗinki. Har yau uwarsu ni take gani da laifi, wai na tona masa asiri.

Abu Sadik: Yaya, ba ki faɗa mana me ya mayar da shi karo na biyu ba. Da ya fito na farko wa ya karɓe shi?

Mai tambaya: Ƙanina ba ɓarawo ba ne, abokai ne suka ja shi. Kuma ƙauyen wa zan kai shi? Gonar Baba an sayar tun lokacin rabon gado.

Ummu Aisha: Ki kai shi wajen malam a tsare shi, a yi masa rubutu.

Abu Sadik: A'a. Kin manta abin da aka gano a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019? Mutane cikin sarƙa. In ƙwaya ce, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Sannan ki nema masa ubangida kafinta, ki damƙa kayan a hannun ubangidan, ba nasa ba.

Baban Khalifa: Wane kafinta zai ɗauki wanda ya fito sau biyu? Kayan nan cikin sati za su isa kasuwa. Na faɗa miki, noma.

Mai tambaya: Baban Khalifa, ba ka ga kujerar da ya yi ba. Hannunsa na da kyau wallahi, da ba a rufe wajen nan ba da yanzu ya ƙware. Kayan zan saya in sha Allah. Inda zai kwana ne har yanzu ban sani ba, ko akwai wanda ya san ɗakin haya mai sauƙi?