Neman Shawara: Jinga a Kan Yadda Sauye-sauyen Rayuwa Ke Shafar Girman Yara

Ɗaliba 'yar shekarar farko:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. An ba mu jinga a kwas ɗin renon yara, ana so mu bayyana yadda sauye-sauyen rayuwa ke shafar girma da bunƙasar yara, sannan mu nuna rawar da mai reno zai taka wajen tallafa musu. Na tattara sauye-sauye masu yawa, tun daga yaye da shiga makaranta har zuwa ƙaura, mutuwar aure da rasuwar mahaifi, amma a kan kowanne abu biyu kawai nake iya faɗa, wato yaro zai shiga damuwa kuma karatunsa zai ja baya. Don Allah waɗanda suka riga mu su nuna mini hanya.

Malama mai koyar da kwas ɗin reno:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawan sauye-sauyen da kika tara shi ne ya hana rubutun zurfi. Idan tambayar ba ta ƙayyade adadi ba, ki zaɓi biyu: ɗaya wanda ake ganin zuwansa har a yi masa shiri, kamar shiga makaranta ko haihuwar ƙane, ɗaya kuma wanda ke faɗowa ba zato, kamar rasuwa ko kwanciya a asibiti. Sauran ki ambace su a sakin layi guda ki wuce. Mai duba jinga yana son ganin ta wace hanya sauyin ya kai ga yaron, don haka kalmar damuwa ita kaɗai ba ta isa ba.

Ɗauki yarinya 'yar shekara uku da aka haifa wa ƙane. Ta daɗe da daina fitsarin kwance amma ga shi ya dawo, tana neman a ɗauke ta kamar jariri, da safe kuma tana riƙe rigar mahaifiyarta a ƙofar gidan reno ta ƙi saki. Rashin isasshen barci zai sa ta kasa natsuwa a lokacin wasa da labari, gajiyar kuma ta sa ta riƙa ƙwace kayan wasan abokanta, su ma su fara gudunta. Kin ga abu ɗaya ya taɓa jiki da zuciya da mu'amala da koyo, kowanne yana jawo na gaba, kuma wannan haɗin shi ke kawo maki. Judy Dunn da Carol Kendrick sun bibiyi iyalai 40 a Cambridge ta Ingila, suka wallafa sakamakon a 1982. Sun ga cewa bayan haihuwar ɗa na biyu lokacin da uwa ke ba ɗan fari yana raguwa, tsawa da hani suna ƙaruwa, amma kuma da yawa daga cikin 'ya'yan farin sun ƙara iya yi wa kansu abubuwa. Ki rubuta ɓangarorin biyu.

Tsohon ɗalibin kwas ɗin:
Malama ta faɗi muhimmin abu. Ni zan ƙara da ra'in da ya kamata ki jingina da shi, wato ra'in shaƙuwa na John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 a kan yaran da suka rasa kulawar uwa. Abokin aikinsa James Robertson ya lura da ƙananan yara da aka kwantar a asibiti a zamanin da ake taƙaita wa iyaye ziyara, shi da Bowlby suka bayyana matakai uku da yaro ke bi idan an raba shi da wanda ya shaƙu da shi. Da farko zai yi bore da kuka yana neman a dawo masa da mutumin, daga nan ya fid da rai ya yi lamo, a ƙarshe ya fara sakin jiki da kowa amma ya kau da kai idan mahaifiyar ta zo. Abin da ya fi taɓa ni a wannan aikin shi ne yadda manya ke ɗaukar shirun yaro a matsayin ya saba da wuri, alhali mai yiwuwa ya gaji da kira ne ba a amsa ba. Idan kika iya bambance yaron da ya natsu da wanda ya fid da rai, kin nuna kin fahimci darasin. Ki kuma duba binciken Schaffer da Emerson na 1964 a kan jarirai 60 a Glasgow ta Scotland, wanda ya nuna shaƙuwa da mutum ɗaya takan bayyana wajen wata bakwai, lokacin da ƙiwa ke farawa, kuma kafin wata 18 yawancinsu sun shaƙu da mutane fiye da ɗaya.

Ɗalibar babbar difloma:
Ina tare da Yaya a kan Bowlby, sai dai ina roƙon ƙanwarmu kada ta tsaya a kansa shi kaɗai, domin jinga da yawa sukan fito kamar duk yaron da ya gamu da babban sauyi ya lalace ke nan, kuma hakan ba gaskiya ba ne. A 1972 Michael Rutter ya sake nazarin batun, ya nuna cewa sau da yawa rikici da tashin hankalin da ke tattare da rabuwa sun fi rabuwar kanta illa. Mavis Hetherington, wadda ta shafe shekaru tana bibiyar iyalan da aure ya mutu a Amurka, ta gano cewa kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na yaran sun girma ba tare da matsala mai tsanani ba. Ita kuma Emmy Werner ta bibiyi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii ta Amurka, ta ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin haɗari mai yawa sun zama manya masu natsuwa da riƙon kai, kuma abin da ya fi yawa a tarihinsu shi ne samun aƙalla babban mutum ɗaya mai kula da su wanda suka amince da shi. A ganina a nan rabin jingar na biyu yake, tunda mai reno na iya zama wannan mutumin.

Ma'aikaciyar gidan reno:
Ni ba zan kawo sunayen masana ba, zan faɗi abin da ake yi a aikace, don a nan ɗalibai kan rubuta cewa za su nuna wa yaro ƙauna su yi shiru. Ki faɗi abin da hannunki zai yi. Kafin sabon yaro ya fara zuwa, akan gayyato shi tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa su ɗan zauna, sannan a riƙa ƙara tsawon lokacin da ake barin sa a hankali. Akan ɗora alhakinsa a kan ma'aikaci ɗaya takamaimai da zai tarbe shi, ya san lokacin barcinsa da abin da ke rarrashinsa, kuma a Ingila tsarin ilimin ƙananan yara da ya fara aiki a 2008 ya wajabta hakan. Idan ya zo da tsohon bargonsa ko ɗan abin wasan da kunnensa ya yage saboda tsotso, kada a karɓe, domin ƙamshin gida yake shaƙa a jikinsa. Muna kuma roƙon iyaye kada su sulale su tafi ba sallama, su gaya masa za su dawo bayan barcin rana, kuma su cika alkawari.

Idan za ki yi amfani da abin da kika gani a wurin sanin makamar aiki, ki rubuta abin da ido ya gani kafin ki fassara shi. Cewa ya zauna a bakin ƙofa riƙe da takalmansa har aka gama waƙar safe ya fi cewa yana kewar gida ƙarfi. Kada ki sa sunan yaron ko na gidan renon, kuma ki nemi izinin shugabar wurin tukuna.

Ɗaliba 'yar shekarar farko:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zaɓi haihuwar ƙane da kuma rasuwar ɗaya daga cikin iyaye. Tambayar tana cewa a nuna tasiri na kusa da na nesa, kuma a yi la'akari da shekaru. Malama, yaya zan fuskanci batun shekarun a kan rasuwa?

Malama mai koyar da kwas ɗin reno:
Ki kwatanta yara biyu da suka yi rashi iri ɗaya. Ɗan shekara uku ko huɗu bai gane cewa wanda ya rasu ba ya dawowa ba, shi ya sa zai yi ta maimaita tambayar yaushe Baba zai zo, ya yi kuka yanzu anjima ya koma wasa, wasu manya har su zaci bai damu ba. Galibi tsakanin shekara 5 zuwa 7 yara ke fara fahimtar cewa mutuwa ba ta da komawa. A matakin da Jean Piaget ya sanya tsakanin shekara 2 zuwa 7, yaro yana kallon al'amura ta fuskar kansa, don haka yana iya zaton rashin jin maganarsa ne ya jawo abin da ya faru. Saboda haka ne ake hana cewa mamaci ya yi barci ko ya yi tafiya, domin na farkon kan sa yaro tsoron kwanciya, na biyun kuma ya bar shi yana jira. Ɗan shekara goma ya san abin da ya faru sarai, nasa yakan fito ta ciwon kai ko ciwon ciki, saurin fushi, raguwar maki, ko ɓoye hawayensa don kada ya ƙara wa wanda ya rage nauyi.

A kan tasiri na nesa, za ki ci karo da binciken Felitti da Anda da aka fara wallafawa a 1998, wanda ya tattara bayanan manya sama da 17,000 a Amurka a kan munanan abubuwan da suka same su a ƙuruciya. Ki yi taka-tsantsan da lafazinki a nan: binciken ya nuna ƙaruwar haɗari a tsakanin jama'a, bai yanke wa wani yaro hukuncin makomarsa ba.

Tsohon ɗalibin kwas ɗin:
Ƙarin abu ɗaya, 'yar'uwa. Rasuwa ba ta zuwa ita kaɗai, sau da yawa ƙaura da sauya makaranta da raguwar abin hannu suna biyo bayanta, yaro ya rasa abokai da malamin da ya saba da shi a lokacin da ya fi buƙatarsu. Ra'in Urie Bronfenbrenner na 1979, wanda ke kallon yaro a cikin gida da makaranta da wurin aikin iyaye da al'umma baki ɗaya, zai ba ki hanyar tsara wannan ɓangaren. Kada kuma ki manta ki nuna iyakar aikin mai reno, wato idan alamun damuwa suka daɗe ko suka tsananta, ko kika ga abin da ke nuna ana cutar da yaro, ki rubuta abin da kika gani ki kai wa jami'in da ke kula da kariyar yara a wurin aikinku a ranar.