Asibiti zan koma ko ɗakin bincike? Baba bai san ina wannan tunanin ba

Daga wata 'yar'uwa, ta ce a sakaya sunanta

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan gidanmu a zauren nan.

Ni likita ce, haifaffiyar Unguwar Rogo a Jos, shekarata 28. Wata mai zuwa zan gama bautar ƙasa. Na riga na ci jarrabawar share fage ta shiga horon ƙwarewa a ɓangaren yara, kuma abin da kowa a gida yake jira ke nan. Ana haka sai wata tsohuwar malamata ta kira ni. Sun samu tallafin shekara uku na bincike kan zazzaɓin Lassa, suna neman wanda zai yi digiri na biyu a cikin aikin, in hali ya yi ya zarce digirin digirgir. Abin da za su riƙa ba ni a wata bai kai albashin asibiti ba, kuma in shekara ukun ta cika babu wanda ya ce mini ga abin da zai biyo baya.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da nake shekarar horon farko, wani dare ina aikin kwana a ɗakin jarirai, bakwaini uku gare mu, na'urar iska ɗaya ce ke aiki. Wajen ƙarfe uku ɗaya ya cika a hannuna. Na fito zan sanar da uwar, tana zaune a ƙasa ta lulluɓa da bargo saboda sanyi, kafin in buɗe baki ta ce, "Dakta, in tatso masa nonon yanzu?" Na faɗa mata. Na shiga banɗaki na wanke fuska, ban gama gogewa ba aka ƙwala mini kira an kawo wani. Tun daga ranar, in waya ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi, ko da ƙawata ce.

Amma lokacin da muke ɗalibai, in na zauna gaban madubin duba ƙwayoyin cuta sai in manta ban ci abinci ba.

Baba ɗan gwari ne a Farin Gada. Filinsa ya sayar ina aji huɗu don kar karatuna ya tsaya. Yanzu a kasuwa ko sunansa ba a kira, sai Baban Dakta. Da wane bakin zan ce masa zan ajiye abin awon ƙirji in koma wasa da kwalabe? Waɗanda suka san hanyoyin nan biyu, ku taimaka mini da gaskiya, ba lallashi ba.

Ummu Sudais

Ki yi istihara, ki kuma nemi albarkar iyaye. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Maman Iman

Ƙanwata, ni ina shekara ta biyar a horon da kike tsoron shiga, ɓangaren yaran ma kuwa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Na karanta saƙonki sau biyu. Rabinsa na mai son bincike ne, rabinsa na wadda ta gaji ce kuma ba ta samu wanda ya zaunar da ita ya ce sannu ba. Ki raba biyun nan kafin ki yanke hukunci. In gudun daren nan ne zai kai ki ɗakin bincike, to an gudu ba a tsira ba, domin zai bi ki har can. Faɗuwar gaban da kike yi in waya ta yi ƙara abu ne da ake magani, kin fi ni sani, kin yi zagayen ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ki je ki ga wani. Mu likitoci mun iya tura mutane, ba mu iya zuwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, aikin bai sauƙaƙa. Abokan aikinmu sai tafiya suke yi, wanda ya rage shi ke ɗaukar aikin mutum uku. Na taɓa shiga asibiti safiyar Juma'a ban fito ba sai bayan la'asar ɗin Asabar, na tarar Iman ta fara takawa, 'yar aikina ce ta gani. Ga jarrabawa kashi na ɗaya da na biyu, ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, kuɗin rajista da na mota duk a wuyanki, kuma faɗuwa ba abin kunya ba ne don kusan kowa ya ɗanɗana. Ga 'yan'uwan marar lafiya, in an warke Allah ne, in an rasa likita ne.

Sai dai bara ina Taminus ina cinikin takalmin makaranta, wata mata ta riƙe mini mayafi. Ban gane ta ba. Ta jawo wani yaro mai wawulo ta ce, "Gaida mamanka." Ashe jaririn da muka yi wa sauyin jini ne da tsakar dare saboda ciwon shawara, lokacin ina sabuwar shiga. (Kin ga ke kina neman shawara, mu kullum korar ta muke yi.) Ta rantse sai ta biya kuɗin takalmin, da ƙyar na hana ta. A mota na yi kukana. Irin wannan ladan a hannu ake ba ki shi, da suna da fuska. Ban san wani aikin da ke biya haka ba.

Kuma ki sani, ba a zama babban likita sai an yi bincike an rubuta kundi a kashi na biyu. Ƙofar ba ta rufuwa don kin shigo wajenmu.

Dakta Ibro, Abuja

Ni ne daktan da ba ya duba marar lafiya. Har yau in baƙi suka zo, Hajiyarmu sai ta ce, "Dakta ne, amma ba na allura ba," da muryar mai ba da haƙuri.

Anti Maman Iman ta faɗi nata, bari in faɗi namu, don kar ki ɗauka hutu ake yi. Gaskiya ne a gida nake kwana. Babu wanda ya taɓa mutuwa a hannuna. Amma na yi shekara biyu ina tara samfurin jini daga ƙauyuka, wani wurin sai a kan babur, ina adana su a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Wani dogon hutun sallah wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, wanda aka bar wa amana ya tafi garinsu. Ran Talata na buɗe firizar, ɗumi ya bugi fuskata. Shekara biyu ta narke. Babu gawa, babu zaman makoki, babu mai ce maka Allah ya ba da haƙuri, don ba wanda ya fahimci abin da ka rasa. Na zauna a ƙasan ɗakin har aka kira azahar.

Sinadaran gwaji da dala ake sayensu, tallafi kuma in da naira aka rubuta shi, kafin kuɗin su fito sun zama rabi. Ka rubuta neman tallafi goma a amsa ɗaya. Ka aika maƙala mujalla, bayan wata shida wani da ba ka san fuskarsa ba ya dawo maka da ita ya ce sake. In a jami'a kake, ka tuna 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas ƙofofi a rufe saboda yajin aikin malamai. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Katalin Karikó, 'yar Hangari da aikinta ya zama tushen wasu alluran rigakafin korona, rage mata matsayi aka yi a jami'arta a Amurka a 1995 saboda ta kasa samo tallafi. Sai 2023 ta karɓi kyautar Nobel. Ki lissafa shekarun, sannan ki tuna dubban da suka jira irin wannan jiran ba a kira sunansu ba.

To me ya zaunar da ni? Akwai wata safiya da sakamako ya fito a kwamfuta, na duba na sake dubawa, na gane cewa a wannan lokacin duk duniya ni kaɗai na san wannan ɗan ƙaramin abu. Ban iya kwatanta miki daɗin ba. Sau uku na taɓa jinsa a shekara 11. In kin san sau uku zai riƙe ki, bismillah.

Tambayi malamarki waɗannan kafin komai: kuɗin sun shigo asusu ko alƙawari ne? Ɗalibanta nawa suka gama, a shekara nawa? Firizarsu tana kan sola? In ta yi fushi da tambayoyin, kin samu amsa.

Abba Rikkos

Ku kuna ta dogon turanci. Dakta, rubuta PLAB, jarrabawar samun izinin aikin likita a Ingila, ki wuce can, ko ki nemi Saudiyya. Shekara biyu ki saya wa Baba fili uku.

Maman Iman

Abba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Can ma aikin kwana ake yi, kuma ba tambayar da ta yi ke nan ba.

Hajiya Mai Atamfa

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ɗana sikila ne, shekara 14 muna zaryar asibiti. 'Yata, kar ki bar mu. Ranar da muka dace da likita mace mai jin Hausa, ranar nake iya faɗin duk abin da ke cikina, ba sai an nemo mai fassara yana yanke rabi ba. Ku nawa ne a unguwannin namu? Ku da muke ta addu'a ku fito, sai kuma ku shige ɗaki ku rufe ƙofa?

Ko da yake in ciwon ya tashi cikin dare yana murƙususu, ni ma nakan ce wai duk masu ilimin duniya an rasa wanda zai zauna ya nemo maganin abin nan? To ban sani ba. Allah ya sa ki fi mu gani.

Dakta Ibro, Abuja

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. An zauna kuwa, har a nan gida. A cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja aka haɗa maganin Niprisan don rage tashin ciwon sikila, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, kuma cikin kayan haɗinsa akwai kanumfari da masoro da karan dafi. Masu rufe ƙofar nan ne suka yi shi.

Baba Pam, Bukuru

'Yata, jikana ne ya karanta mini saƙonki, shi ke rubuta wannan.

A Vom na yi aiki har na yi ritaya, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa tun 1924. Ni ba dakta ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Ina saurayi a 1983 cutar bushiya ta faɗa wa shanu. Ku yara ba ku san ta ba. Bafulatani zai kwana da garke ya wayi gari da sanda. Mu kuma muna ciki muna haɗa allurar rigakafi, ba mu ga saniyar ba, ba mu ga mai ita ba, babu wanda ya taɓa tare ni a kasuwa ya ce na gode. A 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. A rediyo na ji, ina bakin gonar dankalina. Na cire hula na tsaya. Matata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Cutar da aka kira ki a kanta kuma, ai ta garinmu ce. A 1969 aka ɗauko wata nas, Laura Wine, daga garin Lassa a Borno aka kawo ta Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu. A jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar, kuma mai binciken, Jordi Casals, shi ma ya kamu, da ruwan jinin Pinneo aka yi masa magani. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, likitar asibitin Jankwano, Jeanette Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawa don ta gane abin da ke kashe mutanenta, ta rasu. Ki gaya mini, a cikinsu wa ya yi wasa da kwalabe? Har yau duk rani cutar nan tana ɗaukar mutane, da likitoci a ciki, kuma ba a kai ga allurar rigakafin da aka amince da ita ba.

Ban ce ki je ba. Na ce dai ki daina kiran aikin da sunan raini tun kafin mahaifinki ya kira shi. Mutumin da ya san a zuba iri a jira wata uku, zai gane in an yi masa bayani da harshensa. Ubangiji ya bi da ke.

Maman Iman

Baba, mun gode, ban san rabin wannan tarihin ba alhali kullum ina wuce Jankwano. Ƙanwata, in kin tafi binciken, kar ki bar lasisinki na MDCN, hukumar rajistar likitoci, ya mutu, ki riƙa sabuntawa duk shekara, ki kuma samu ko yini ɗaya a mako kina duba marasa lafiya don hannu kar ya kwanta. Ki tambayi kwaleji wa'adin sakamakon jarrabawarki tun yanzu.

Dakta Ibro, Abuja

Yini ɗaya zai yiwu. Fiye da haka, Anti, taura biyu ba ta taunuwa. Na ga waɗanda suka gwada, gwajin ya lalace, marasa lafiyan ma suna jira.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Iman, maganarki ta farko ta taɓa ni, na karɓi ranar ganin wani babba a ɓangaren ƙwaƙwalwa ran Alhamis. Dakta Ibro, na yi wa malama tambayoyinka, ta yi dariya ta ce wa ya koya mini. Kuɗin shekarar farko sun shigo, firiza tana kan sola, kuma ta yarda in zo in yi mako biyu ina kallon aikin kafin in sa hannu. Hajiya, saƙonki ne ya hana ni barci, ban da amsar da zan ba ki tukuna.

Jiya na faɗa wa Mama muna gyaran zogale. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a bari Kawu ya zo ran Lahadi a tari Baba tare, bayan ya ci abinci. Na karanta mata saƙon Baba Pam, ta ce labarin shanun in fara da shi. Na likitar Jankwano kuwa ta ce in kuskura in ambata, ko hanyar ɗakin gwajin Baba ba zai bari in bi ba.