Laburare da masu koyar da yara a gida: abin da aka tattauna

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawar da aka yi kan yadda masu koyar da yara a gida za su ci moriyar laburare.

1. Kusan kowa ya yarda a yi wa kowane yaro katin aro nasa. Yaro ya fi tattalin littafin da ya aro da sunansa.

2. A saba da ma'aikatan laburare. Wannan aka fi nanatawa, ni ma nan na fi karkata. Ku gaya musu darasin da za ku shiga, su za su nuna muku kantar da ta dace. In babu littafin, laburare da yawa kan aro shi daga wani reshe. A kuma koya wa yara lambobin Dewey, wato lambobin jera littattafai bisa fanni, da ke manne a gadon bayan littafi: 500 kimiyya, 510 lissafi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Da zarar yaro ya gane su, da kansa zai riƙa lalubo abin da yake nema.

3. A ware wa littattafan aro wuri guda a gida, a rubuta ranar mayarwa.

4. An rabu kan ko laburare kaɗai ya wadatar. Wasu sun ce ya ishe su a tarihi da adabi. Wasu suka ce lissafi na bukatar littafin da yaro zai bi daki-daki shekara guda, yana rubutu a ciki, don haka saye ya fi.

5. Zaɓen littafi ma an sha bamban: wasu na sakar wa yaro mara, wasu sai sun duba kafin a aro. Masu ƙananan yara sun fi tsayawa kan dubawar.