Inji yana juyawa amma mota ta ƙi tashi: me kuka tarar a taku?

Mai Golf 3 daga Zariya: Assalamu alaikum. Tun shigowar damina motata take ƙin tashi da safe, duk da cewa batir yana da caji kuma kik yana juya inji da ƙarfi. Idan rana ta ɗaga, sai ta tashi lafiya. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fuskantar haka su faɗa mini abin da suka tarar.

Direban tasi daga Kaduna: Wa'alaikumus salam, Malam. Tawa ma haka ta yi, kuma kwal ne ya tsage. Aikinsa shi ne ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa dubban bolt domin fulogi ya yi tartsatsi, to idan danshi ya shiga tsagar, sai wutar ta tsere ta jikin inji ba ta isa fulogi ba. Da daddare mai rewaya ya sa na yi kik, muka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a bayan kwal ɗin. Ka buɗe marfin distiributa, wato abin da yake raba wuta ga fulogogi, shi ma ka duba, domin raɓa tana taruwa a cikinsa.

Mai rewaya daga Kano: Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Ka zare wayar fulogi ɗaya, ka saka mata fulogi, ka ɗora gindinsa a kan ƙarfen inji ba tare da ka riƙe shi da hannu ba, sannan wani ya yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana nufin a koma wajen mai, rashinsa kuma yana nufin a bi fiyus da rile (makunnin da wuta take kunnawa da kanta) da wayar da ta haɗa inji da bodi. Yana ba ni takaici yadda ake canza famfon mai lafiyayye alhali wannan gwajin bai wuce minti biyar ba.

Malama mai Corolla daga Katsina: Tawa akasin haka ce, sai ta yi zafi take mutuwa, ta huce kafin ta sake tashi. Na'urar sikanin ta nuna P0335, wato lambar matsalar sensar kirankishaf mai lura da juyawar inji, wadda idan ta daina aika saƙo kwamfutar mota ba ta sakin wuta. Tun da aka canza ta matsalar ba ta dawo ba.

Mai Golf 3 daga Zariya: Na gode ƙwarai. Gobe da sassafe, kafin danshin ya bushe, zan yi gwajin fulogin in sanar da ku.