Idan rubutu ya ƙi sauka a shafin da aka buɗe

Masu gina manhaja da Java Swing, kayan aikin ƙera tagogin manhaja a harshen Java, sun tattauna matsalar JTabbedPane, wato ɓangaren taga mai ɗauke da shafuka (tabs) da yawa: ka sauya shafi, ka fara bugawa a kibod, akwatin rubutu ko gezau.

Yawancinsu sun ce gaggawa ce sila. Ana kiran requestFocusInWindow, umarnin da ke neman abin da aka buga a kibod ya sauka a akwatin, tun akwatin bai bayyana ba, sai buƙatar ta faɗi. Maganin shi ne a sa kiran cikin SwingUtilities.invokeLater, mai jinkirta aiki sai an gama waɗanda ke gabansa, ya jira shafin ya fito. Wasu sun ƙara da cewa kowane shafi ya riƙa tuna akwatin da aka bari.

Gargaɗin da ya fi damuna na makafi ne: mai zagaya shafuka da madannan kibiya, kada a fizge shi zuwa cikin akwati, domin hanyarsa ke nan.