Neman shawara: ƙanwata ta ci bak, da keke take yawo, ta ina za mu fara a jami'ar Damagaram?

Yayar ɗaliba, Matamai:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka yi karatu a Damagaram ko suke zaune a can. Ƙanwata ta ci bak bana, wato jarrabawar kammala lise, an kuma tura ta Jami'ar André Salifou, fannin adabi da ilimin zamantakewa. Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, ƙafafun duka biyu ba sa ɗaukar ta, da keken hannu take yawo. Daga firamare har lise ƙannenmu ne ke tura ta idan yashi ya yi yawa, Inna kuma ke ɗebo mata ruwa. A can duk babu waɗannan.

Baba ya ce bai yarda ba. Ɗiya mace, ga lalura, a garin da ba uwa ba uba, gara ta zauna a saya mata keken ɗinki. Ba ƙin karatun yake ba, shi ya sayar da akuya ya biya mata kuɗin jarrabawa, tsoro ne kawai. Ita kuwa ta daina cin abinci sosai tun da aka fara maganar, malamar lakwal take son zama. Ni na tsaya mata, amma ban yi jami'a ba, ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. A ina za ta kwana? Wa ake gani a kan ɗaki da bursi? Akwai wata ƙungiya da ke tsaya wa irinsu? Kuma me zan gaya wa Baba wanda hankalinsa zai kwanta? Allah ya saka da alheri.

Tsohon ɗalibi, Zango:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya sanya albarka a wannan bak. Abu na farko, ku san cewa ƙofofin uku ne, kowace da aikinta, don mutane da yawa suna wahala saboda suna kai kuka inda ba a nan maganin yake ba. Rajista, aji, jadawali da jarrabawa aikin jami'a ne, wato ofishin rajistar ɗalibai da shugaban fanninta. Ɗakin kwana a site (wato gidajen kwanan ɗalibai), gidan cin abinci, motar ɗalibai da ɗakin shan magani suna hannun CROU, hukumar da ke kula da walwalar ɗaliban jami'a. Bursi kuma da taimakon da ake ba wanda bai samu bursi ba, wannan na ANAB ne, hukumar ƙasa mai kula da bursi, dosiye ake haɗawa.

Kada ku jira ranar komawa, lokacin da kowa ke turereniya. Ku zo tun yanzu, ku rubuta takarda zuwa ga daraktan CROU, ku faɗi halin da take ciki, ku roƙi ɗaki a ƙasa kusa da makewayi. Ku haɗa takardar likita da kwafin sakamakon bak. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a kan ɗaya ku riƙe. Maganar baki takan bi iska idan ma'aikaci ya canja, takarda mai hatimi tana nan. Irin wannan takardar ku kai wa shugaban fanninta. Sannan ku nemi shugabannin ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, USN, da ke jami'ar, suna da mai kula da walwalar ɗalibai, kuma maganarsu tana da nauyi idan ana rabon ɗakuna.

Kuɗin watannin farko kuwa ku tanade shi a gida. Sabon dosiye yana ɗaukar lokaci kafin ya fito.

Kawu, Sabon Gari:

Ɗiyata, ni ina ganin mahaifinku yana da gaskiya a wani wuri. Site wuri ne na cunkoso, yara kowa ta kansa yake. In dai kuna da ɗan'uwa a Damagaram, ko na nesa ne, ku ajiye ta a gidansa, inda akwai babba mai sa ido, mai tambayar ta ci ko ba ta ci ba. Karatu ta yi, ban hana ba, amma daga gida.

Makaho mai digiri, Garin Malam:

Yaya, ni ba na gani, na yi karatuna na gama, yanzu ina cikin ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN. Lalurata daban da ta ƙanwarki, amma hanyar da ake bi ɗaya ce. Ku nemi reshen jiha na tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar, FNPH, kuma ku leƙa ma'aikatar jiha mai kula da jin daɗin jama'a. A can za ku tarar da waɗanda suka riga ta shiga jami'a a kan keke, su ne suka san wane ofis ke sauraro. Idan ɗan ƙungiya ya raka ku, kallon da ake muku ma yakan canja.

Ina so ku shiga ofis ɗin nan kun san ba bara kuka je ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 24 ya ambaci karatun gaba da sakandare ƙarara, ya ce a yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da halinsa. A gida kuma akwai doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019, wadda ta zo bayan tsohuwar dokar 1993. Tun a waccan tsohuwar an ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Wannan ku gaya wa Baba: gurbin yana nan a rubuce, amma sai mai takarda ke shiga cikinsa. Mun sha ganin ana neman naƙasasshe mai digiri a rasa.

Doka ba ta gina gangara da kanta, kada in yaudare ku. Amma mai riƙe da ita yana magana da ƙarfin gwiwa.

Roƙona ɗaya gare ki. Idan kun shiga wurin darakta, ki bar ta ta yi magana da bakinta. Na san ƙauna ce ke sa ku riga mu amsawa, amma ke za ki koma Matamai, ita za ta zauna shekara uku kafin lisans, wato digirin farko. Gara su san muryarta tun ranar farko.

Malamar lakwal, Birni:

Ƴar'uwa, na karanta saƙonki hawaye suka zo mini, don ni ma a kan keke nake, shan inna ne, kuma yau ina koyarwa. Ba a nan na yi karatu ba, amma bari in gaya miki abubuwan da maza ba za su tuna su faɗa ba.

Makewayi shi ne gaba da komai. Kafin ku karɓi ɗaki, ku je da ita da kekenta, ta gwada da kanta: ƙofar tana shigar da keken? Akwai tudu a bakin ƙofa? Ƙasan a jiƙe yake kullum? Mai rarrafe da hannu a makewayin da mutum hamsin ke shiga, kin san abin da nake nufi. A inda na yi karatu na riƙa ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama ni a aji, har ciwon mara ya kwantar da ni ana tsakiyar jarrabawa. Da zafin Damagaram na watan Afrilu, wannan haɗari ne babba. Ku sa maƙeri ya yi mata kujera mai rami wadda ake naɗewa, da takalman hannu na roba, da bokitinta da butarta ita kaɗai. Ku yi maganar kwanakin al'ada ma tun yanzu, ke da ita, ba kunya.

Sai ruwa. Kowa ya san yadda famfo ke yi a garin nan idan rani ya tsananta. Wa zai ɗauko mata jarka? A nan ne abokiyar ɗaki take da muhimmanci fiye da ɗakin kansa. Ku bincika cikin ƴan Matamai da suka ci bak tare da ita, ko ƴan ƙungiyar ɗaliban yankinku, a samu yarinya mai hankali a roƙa a haɗa su ɗaki ɗaya. Amma kada a ɗora wa mutum ɗaya komai, zai gaji, zumunci ya lalace. A raba: wannan ruwa, waccan karɓo abinci ranar da layi ya yi tsawo. Ita ma ƙanwarki ta zama mai amfani gare su, ta yi musu bitar darasi, ta riƙe musu wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma nata hannun yana cikin masu ɗauka.

Kawu, da girmamawa, ban goyi bayan gidan dangi ba sai in yana kusa sosai. Keken hannu da yashi ba sa shiri, ga duwatsun garin nan. Darasin ƙarfe takwas, wani na yamma, wani a ɗaga shi ba sanarwa: mai zuwa daga nesa kullum a makare take, kuɗin adaidaita kuma ya cinye gidan. Sannan a gidan wani, yarinya mai lalura takan zama mai jin nauyin tambaya, ta ƙi cewa a kai ta laburare don kada a ce ta cika damu. In dole sai gidan dangi, a samu mai adaidaita guda amintacce, wanda manya suka san gidansu, a yi da shi kuɗin wata. Ba na son ta riƙa hawa na kowa da dare.

Game da aji, ta san delegen ajinsu, wato wakilin ɗalibai na ajin, tun makon farko. Idan an sa darasi a bene, shi da ita su je wurin shugaban sashe su roƙi a sauya ɗaki, tun kafin jadawali ya zauna. Kada ta yarda samari su riƙa ɗaukar ta a hannu suna hawa da ita. Akwai faɗuwa, akwai kuma mutuncinta. Ranar jarrabawa ma a tambaya da wuri a wane ɗaki aka sa sunanta.

Shi kuwa Baba, ku daina yi masa gardama a gida. Ku zo da shi. Ya ga ɗakin da idonsa, ya gaisa da mai gadi, ya ga ɗiyan mutane suna shiga suna fita da littattafai. In kun shigo, ku biyo ta wurina, ya ga mace a kan keke tana da aji da albashi da iyali. Na turo miki saƙo a keɓe.

Ma'aikacin lafiya, Damagaram:

Ƙari kaɗan a kan maganar Malama. A Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram akwai sashen gyaran gaɓoɓi da ƙera ƙafar roba da ƙarafan tallafa wa ƙafa, wanda ƙungiyar Red Cross ta duniya, CICR, ta tallafa wa. Ku kai ta a duba ta kafin karatu ya fara. Jikin da ya girma ba ya zama daidai da keken da aka saya tun tana ƴar shekara goma sha biyu, kuma zaman awa huɗu a anfi, babban ɗakin darasi, a kan kujera marar katifa yana kawo ciwon baya da gyambon zama. Kafaɗu ma a kula da su, su ne ƙafafunta. A nan kuma za ku nemi takardar likitan da za ku saka a dosiye. Ku roƙi likita ya rubuta abin da take buƙata a fili, ɗaki a ƙasa da makewayi mai sauƙin shiga, kada ya tsaya ga sunan cuta kawai. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin game da sauƙin kuɗi da ake yi wa naƙasassu da takardun da ake nema.

Ɗalibi ɗan shekara ta biyu:

Tanti, ta zo da famfon iska da tib na ajiya da faci, ƙaya tana da yawa. In ta iso a sanar da mu, mu ƴan yankin Kance, wanda Matamai ke ciki, muna da yawa a nan, za mu tare ta a tasha.

Yayar ɗaliba, Matamai:

Jama'a, Allah ya biya ku. Na karanta mata duka, ita ta ce za ta rubuta takardun da hannunta, har ta fara. Na gaya wa Baba maganar zuwa ya gani, bai ce e ba, amma ya tambayi wace rana ce, ya kuma ce a kira Kawunmu na Mirya ya raka mu. Kawu na Sabon Gari, maganarka ma ba mu yar ba, akwai wata gwaggonmu a garin, za ta riƙa zuwa can hutun ƙarshen mako. Tambaya ɗaya ta rage: idan muka je aka ce ɗakunan ƙasa sun cika fa?

Tsohon ɗalibi, Zango:

Kada ku juya a kan maganar mutum na farko. Ku nemi ganin mai kula da ɗakunan kwana da kansa, da kwafinku mai hatimi, tare da ɗan FNPH da wakilin ɗalibai. Ku roƙi musanya: a samu wadda ke ƙasa ta yarda ta koma sama, wannan ɗalibai sukan daidaita shi a tsakaninsu idan an yi musu bayani. In duk bai yiwu ba, ku kama ɗakin haya mafi kusa da ƙofar jami'a, ita da abokiyar ɗakin su raba kuɗin, ku bar takardarku a ofis kuna bibiya, don ɗakuna sukan buɗe idan masu gamawa sun fita. Ku zo da safe, ranar Litinin ko Talata, da hotuna ƴan ƙanana da kwafin takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa.