Kurciya ta daina kwanci, ko warin hannuna ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku taimaka min. Kurciya ta yi sheƙa a bayan tagar ɗakina, 'yan tsinkaye kawai ta jera, har ana hango ƙwai biyun ta ƙasa. Tun rasuwar mahaifiyata ba na samun barci sosai, kukanta da asuba ke ɗebe min kewa. Sai magen maƙwabta ta fara zarya a kan katanga. Na ɗaga sheƙar na matsar da ita lungu, na fesa turare a wajen don magen ta gudu. Yanzu sai kurciyar ta zo ta tsaya nesa tana leƙe, ba ta hawa. Warin hannuna ta ji?

Mai kiwon tattabaru: Tsuntsu ba ya jin wari, Hajiya. Ni damuwata mage ce. 'Yan shila huɗu ta cinye min, mai ita ko haƙuri bai ba ni ba.

Malamin kimiyya: A'a, Malam, suna ji. A 2008 masu bincike a Sifen sun sa warin wata dabba mai kama da tunku cikin akwatunan sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye. Iyayen suka riƙa jinkirin shiga, in sun shiga ba sa daɗewa, amma ba su yar da 'ya'yansu ba. A Kanada ma, a 2011, kukan maharansu kawai aka kunna wa wasu tsuntsaye ta lasifika, 'ya'yan da suka raina suka ragu da kashi 40 cikin ɗari. Tsoro kaɗai ya yi hakan. Hajiya, taɓawar ba komai ba ce. Matsar da sheƙar ne ya ruɗa ta, domin wuri take ganewa. Ki mayar yau.

Mai tambaya: In mayar inda mage ke kaiwa? Da na bar ta can, da tuni an cinye ƙwan.

Wata 'yar'uwa: Kar ki sake taɓawa, yawan zuwanki ma nuna wa mage hanya yake yi. Haka yarana suka kore min tawa.

Malamin kimiyya: Kwana nawa rabonta da kwanci? Kwancin kurciya kamar mako biyu ne, namiji da rana, mace da dare. Cikinsu wa kike gani?

Mai tambaya: Ban iya bambance su ba. Turaren ma kaɗan na fesa, Malam. To in sa ƙwan ƙarƙashin fitila ne, ko in jira?